Yadda Kifi Ya Kai Ni Katsina

Ni mutumin Haɗeja ne, a gidan masu sana'ar kifi na tashi. Kakana masunci ne, mahaifina banda yake yi, kawuna kuma shi ke ɗaukar kayan ya kai garuruwa. Tun ban yi nisa a allo ba nake iya raba tarwaɗa da ragon ruwa da ƙarfasa, ko da sun sha hayaƙi sun yi baƙi ƙirin. Amma in ka cire Kano da Gumel da Nguru, ban taɓa taka ko'ina ba sai ƙarshen 2009, lokacin da ciwon ƙafa ya kwantar da Kawu, aka rasa wanda zai raka kaya Katsina sai ni.

Ya ba ni lambar wayar mai masaukinsa, ya ce in na sauka in nemi wurin 'yan kifi a babbar kasuwa, kowa ya san dattijon. Ya haɗa ni da gargaɗi biyu: kada in ba kowa bashi, kuma kada in ji haushin duk abin da Bakatsine zai faɗa mini, don tsakaninmu da su wasa ne tun kaka da kakanni.

Ta Kano muka bi, muka wuce Dawanau da Bichi da Tsanyawa, muka shiga Kankiya da Charanchi. Ni da na saba da fadama da shinkafa da kwale-kwale, tun daga Bichi idona yake neman ruwa bai samu ba. Rairayi ne da gawo da kuka da aduwa, an gama girbi, an jingine karan gero a gonaki, hazo ya fara sauka. Duk gadar da muka hau sai in leƙa, in tarar da yashi a ƙasa, wani wurin har yara na ƙwallo a cikin rafin. A raina na ce, to, mutanen da rafinsu filin wasa ne ai dole su sayi kifi da tsada.

Ta Ƙofar Ƙaura muka shiga gari da la'asar. Na zaci zan tarar da irin cunkoson Kano, sai na ga tituna masu faɗi, motoci jefi-jefi, 'yan acaɓa na tafiya ba mai zagin wani. Lokacin marigayi Umaru Musa 'Yar'adua na shugaban ƙasa, bayan ya yi gwamnan jihar daga 1999 zuwa 2007, kuma duk titin da muka hau sai direba ya ce mini aikin Malam Umaru ne. Abu na biyu da na lura da shi, 'yan garuwa. Ko'ina ka juya ga mai tura kura cike da jarkoki. Ruwan famfon birnin daga madatsar Ajiwa yake zuwa, ba kuma kowace unguwa yake isa ba.

Na tarar da dattijon zaune kan buhu yana jan carbi. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi sunan Kawu. Ya dubi kwalayen da ake saukewa, ya dube ni, sai ya fashe da dariya har hularsa ta goce.

"Jama'a ku zo ku ga ikon Allah! Ana shirin layya, kowa na neman rago, Bahaɗeje ya kawo mana kihi!"

Nan take 'yan layi suka taru. Wannan ya ce bawansa ya iso, wancan ya tambaye ni ko na taho da kwaɗi a aljihu, wani ya ce a ba ni ruwa a kwano in sa ƙafa kada in bushe. Jikina ya yi sanyi, don gaskiya dattijon ya faɗa: Babbar Sallah ta matso, kuɗin kowa na wurin rago, bayan Sallah kuma kowane gida da soyayyen nama. Kawu ya san haka, matsi ne ya sa shi turo kayan. Na tuna gargaɗinsa, na daure na ce, "Baba, ai mun ji an ce bayinmu na nan cikin yunwa, shi ya sa aka aiko ni." Aka sake kwashewa da dariya. Ya kama hannuna ya ce, "Wannan ya fi kawunshi baki. Tashi mu tahi gida."

Ya sa aka shigar da kayan rumfa, aka ɗora su kan katako, ya ce kada in ƙara tunaninsu sai nama ya ƙare a gari. Haka na samu kaina da lokacin da ban nema ba, a garin da ban sani ba.

Daren farko tuwon dawa aka kawo mini da miyar kuka, an zuba man shanu har yana kwanciya a sama. Tuwon ya yi daɗi, amma cokali na farko na ji miyar kamar an manta wani abu. A gidanmu ko miyar talauci ce sai an marmasa kan kifi a ciki. Washegari na buɗe kwali ɗaya na ɗebo tarwaɗa na aika wa Hajiya, matar Baba, cikin gida. Aka dawo mini da godiya, da kwanon kwaɗon tafasa. Wannan abinci Katsinawa na ji da shi ƙwarai: a dafa ganyen tafasa, a matse, a zuba ƙuli da mai da albasa da yaji. Na ci don kunya. Har yau in an ajiye mini kwaɗon zogale da na tafasa, zogale zan ja, kuma matata ta san haka, tana dai ci gaba da yin abinta.

Fura kuwa ban da ta cewa. Na sha fura a wurare da yawa, amma a Katsina na gane cewa ga wasu mutane ita ce abincin rana, ba abin sha ba. Da azahar kasuwa kan lafa, kowa ya aiki yaro wurin matan Fulani, a dama da kindirmo mai kauri, a kawo da ludayi. Geron yankin yana da ƙamshi, ana sa citta da kanumfari da ɗan barkono, mai so ya ƙara sukari, dattawa kuma su harare shi. Da dare sai masu balangu da tsire su kunna fitila a bakin titi, ga masu shayi, ga yara da farantin dambu. A nan na fara cin soyayyen fara da yaji, wadda ake kawowa buhu-buhu daga Nijar, da cukwi mai tauri da ake jiƙawa ko a daka a zuba a fura.

Waɗannan biyun, fara da cukwi, su suka fara nuna mini inda kasuwar Katsina ta sa gaba. Mu a Haɗeja hankalinmu na kan Kano da masu saye daga kudu. Nan kuwa rabin hirar kasuwa a kan arewa take: nawa sefa ta kwana, an buɗe hanya ko an tsare, wa ya dawo daga Maraɗi. Ga dabino, ga kanwa, ga aya, ga atamfa da shinkafa da taliya da suka biyo ta Jibiya. Za ka ga Buzu da rawani ya rufe fuska yana ciniki da Hausa tsantsa. Baba ya ce mini kada in yi mamaki, Maraɗi ai Katsina ce ta biyu. Da jihadi ya ci birnin wajen 1807, Malam Ummarun Dallaje ya zama sarki, sarakunan Haɓe suka yi arewa, zuriyarsu ta kafa Maraɗi, kuma har gobe sarkin can Sarkin Katsina ake ce masa. Bature ne ya zo ya ja layi a tsakani. Da wuya ka sami tsohon gida a birni wanda ba shi da dangi a tsallake.

Ƙaramin ɗan Baba, wanda muke kusan sa'a, shi ya riƙa yawo da ni a babur. Ya kai ni 'Yar Kutungu, tsohuwar kasuwar cikin gari, ya bi da ni lunguna inda soraye na ƙasa ke tsaye kusa da gidajen siminti. Ya zagaya da ni ƙofofi: Ƙofar Ƙwaya, Ƙofar Marusa, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Sauri, Ƙofar Guga. Ganuwar kanta ta zube a wurare da yawa, wani wurin tudu kawai ya rage, an yi gini a kai. A Ƙofar 'Yanɗaka ya tsaya ya ce ta nan Lugga, jagoran Turawan mulkin mallaka, ya shigo a 1903. Na ce masa, "Wato buɗe masa kuka yi. Mu da suka zo Haɗeja a 1906 sai da aka gwabza, Sarki Muhammadu ya yi shahada a cikin garinsa." Ya ce shi ya sa har yau ba mu da komai sai sauro. Da na ba Baba labarin da dare, sai ya karanto mini kirarin garin, Katsina ɗakin kara, kunya gare ku ba dai tsoro ba, ya ce in riƙe rabin ƙarshen da kyau.

Hasumiyar Gobarau ita ta fi tsaya mini a rai. Daga ƙasa ba ta cika ido ba, tsayinta kimanin mita 15 ne, kuma gidaje sun kewaye ta. Sai ka fara hawa. Matakalar ƙasa ce, siririya, ta sha tafin ƙafa har ta yi santsi, kana hawa kana dafa bango. Ana danganta ginin da zamanin Sarki Muhammadu Korau, kuma ragowar babban masallaci ne da aka yi karatu a cikinsa, daga baya aka riƙa hawa don hango mahara. Da na kai sama, gari ya baje a gabana cikin hazo, ga bishiyoyin darbejiya, ga hasumiyoyin masallatai, ba dutse ba kogi har iyakar gani. Na tsaya ina lissafin yadda aka yi malamai da fatake suka zaɓi wannan fili suka mai da shi birni, har ayarin raƙuma daga Agadas da ƙasashen Larabawa suka riƙa sauka a nan. Ban sami amsa a saman hasumiyar ba, ƙafafuna ma rawa suke yi, na lallaɓa na sauko da baya.

Mun je tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu kafin a mayar da makarantar Kaduna, daga baya Zariya. Ginin ƙasa ne mai kaurin bango, ciki da sanyi. Mun wuce ta maƙabartar Wali Ɗan Marna muka yi addu'a. Ban san cewa bayan 'yan watanni, a Mayun 2010, zan dawo wurin cikin taron da ban taɓa ganin irinsa ba, ranar da aka kawo gawar 'Yar'adua.

Lahadin ƙarshe kafin Sallah Baba ya ce in raka shi Mai'aduwa sayen rago. Muka yi sammako, muka ratsa Daura, muka isa kasuwar da hantsi. Wanda bai ga Mai'aduwa ana gab da layya ba, bai ga dabbobi ba. Raguna uda da balami, wasu sun kai maraƙi, shanu masu manyan ƙaho, raƙuma a durƙushe suna tuƙa, tireloli a jere ana lodi zuwa Legas da Fatakwal. Ƙura ta hana ka ganin ƙarshen kasuwar. 'Yan canji na zaune da damin naira da sefa, iyaka kuma ga ta nan kusa a Kongolam. A nan na ga yadda Baba ke ciniki. Ba ya kushe dabba. Zai shafa bayan rago, ya buɗe baki ya duba haƙora, ya ce, "Masha Allah, an yi kiwo." In kuɗin bai yi masa ba, sai ya yi wa mai shi addu'ar kasuwa ya wuce. Dillali ne zai biyo shi a guje.

Wannan hali sai da ya wahalar da ni daga baya, kuma zan faɗe shi don kada a ce yabo kawai na zo yi. Bakatsine ba ya son ce maka a'a. Zai yaba kayanka, ya ce bari ya zagayo, kai kuma ka ware masa kwali kana jira har magariba. Zai ce "sai mun yi magana", alhali maganar ta mutu tun a wurin. Mu mutanen gabas mun saba a faɗa maka kayanka sun yi tsada, ku yi musu, ku rabu ko ku daidaita. Na daɗe kafin in iya jin bambancin "to" ɗin da ke nufin na saya da "to" ɗin da ke nufin Allah ya haɗa kowa da rabonsa.

A hanyar dawowa muka tsaya rijiyar Kusugu a Daura. An yi mata gini an rufe, mai kula da wurin ya ba mu labarin da kowane ɗan firamare ya sani, na Bayajidda da Daurama da macijin da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, ya jawo guga muka sha. Rijiya ce dai kamar kowace. Amma bayan na ga masu tura kura a Katsina da rafukan yashi a hanya, labarin ya zauna mini daban. A ƙasar da ruwa ke da wuya, wanda ya buɗe wa mutane rijiya kullum ai ya cancanci a ba shi sarauniya.

Ranar Sallah na ga hawa. Sarki Abdulmumini Kabir Usman bai daɗe da hawa gadon mahaifinsa ba, a 2008 aka naɗa shi, gidan Dikko ke nan, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, sai Usman Nagogo, sai Kabir. Muka sami wuri a filin Kangiwa gaban fada, hakimai na wucewa ɗaya bayan ɗaya da 'yan lifida da masu algaita da kakaki, 'yan bindiga na ta harbi. Mu ma muna hawa a Haɗeja, ba zan ce nasu ya fi namu ba ko da za a yanka ni. Dawakinsu dai sun sha kiwo, gidan sarautar kuma an san su da wasan folo tun zamanin Dikko.

Bayan Sallah da 'yan kwanaki zazzaɓi ya kayar da ni. Sanyin Katsina busasshe ne, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, ni kuma ban zo da rigar kirki ba. Aka kai ni wani ƙaramin asibiti aka yi mini allurai, aka dawo da ni ɗakin zaure. Hajiya ta riƙa aiko da kunun tsamiya da farfesu, Baba kuma kullum da safe sai ya leƙo ya ce, "Bawana bai mutu ba? To a ba shi hura." Ina kwance hankalina na kan kifi, don busasshen kifi in ya daɗe ƙwari ke shiga, ya zama gari.

Da na sami ƙarfin zuwa kasuwa, rumfa wayam. Gabana ya faɗi. Baba ya jawo wani kwalin sabulu da ya yage, ya juya bayansa, ga rubutun ajami layi-layi: wance mai tuwo ta ɗauki kaza, wane na Jibiya kaza, wani mutumin Maraɗi kwali kaza. Kusan duk bashi ne, abin da Kawu ya hana ni. Na ce, "Baba, Kawu fa ya ce..." Ya ɗaga mini hannu. "Kawunka ya hana ka, bai hana ni ba. Kai ba ka san su ba, ni na san iyayensu." Ya jira nama ya ƙare a gidaje, mata sun fara neman abin da zai canza musu baki, sannan ya rarraba kayan a farashin da ya fi wanda Kawu ya yanka mini.

Kuɗin suka riƙa shigowa kaɗan-kaɗan, yana ƙullawa a leda yana ajiyewa. Ranar da suka cika ya ƙirga mini a gaban mutum biyu. Na ware la'adarsa kamar yadda Kawu ya koya mini, na miƙa da hannu biyu. Ya ture. Na sake miƙawa. Sai ya ɗaga murya yadda duk layin za su ji: "Ku ji mini yaro! Yaushe ubangida ya fara karɓar la'ada hannun bawanshi? Riƙe, ka sayi rigar sanyi, kada ka mutu a ce Katsinawa sun kashe Bahaɗeje." Aka yi ta dariya, ni ma ina yi, idona kuwa ya kawo ruwa. Ya san halin da Kawu ke ciki, ya san kuɗin magani za su ci rabin ribar. Da ya ce ya yafe don tausayi, da na koma gida da nauyi a ƙirji, Kawu ma da ya ji kunya. Sai ya mai da abin zolaya, har kuɗin asibitin da ya biya bai bari an ambata ba. Na sha ganin irin wannan a garin daga baya: a yi maka alheri a bi shi da tsokana, yadda ba za ka sami wurin tsayawa yin doguwar godiya ba.

Ƙafar Kawu ba ta koma daidai ba, hanyar Katsina ta zama tawa. Ina zuwa ina komawa har na kama rumfa, Baba ya nema mini auren 'yar maƙwabcinsa, shi ya karɓa mini a matsayin uba. Duk goma ga Muharram sai surukaina su aiko karɓar kuɗin shara, ni ma in aika karɓar nawa, ba a taɓa sanin wa ke bin wani ba. Baba ya rasu kafin gobarar da ta ci babbar kasuwa a Maris 2021. Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa.

Kasuwar da na tarar a 2009 ba ita ce yanzu ba. An rufe iyaka a Agustan 2019, ba a buɗe ba sai ƙarshen 2020. 'Yan bindiga sun hana mutanen Batsari da Safana da ƙauyukan Jibiya sakat, har a 2021 aka katse layukan waya a wasu ƙananan hukumomi, aka dakatar da wasu kasuwannin mako. Abokan cinikina da yawa na ƙauye sun dawo birni suna zaman haya, wasu ko labarinsu ban ƙara ji ba. Sai kuma juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, aka sake garƙame iyaka.

Lokacin ina bin ɗan mutumin nan na Maraɗi, wanda sunan ubansa ke jikin kwalin sabulun Baba, kuɗin kwali shida. Na riga na cire rai, don shi kansa ba shi da hanyar zuwa. Ana cikin haka wata rana da yamma wani ɗan acaɓa ya tsaya gaban rumfata, ya yi buɗu-buɗu da ƙura har gira, ya ce ta daji ya biyo. Ya zaro ƙullin kuɗi daga cikin safa, ya kwance wani ɗan buhu daga bayan babur. Na ƙirga, kuɗin sun gaza kaɗan. Ya ce mai saƙon ya ce a gaya mini canjin sefa ne ya ci wannan, ga dabino a madadinsa, kuma in tanadar masa tarwaɗa manya, kada in haɗa masa da ƙanana irin na wancan karon.